Usur ɗin da Nevenka Ba Ta Busa Ba

Jelov Dol, 3 ga Oktoba, 1976

Yaya Zlata,

Gaisuwa mai yawa daga kan dutsenmu, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, kuma ciwon bayan da tsayuwar ɗakin guga ta sa miki ya yi sauƙi. Na je na duba Inna ranar Talata. Tarinta ya ragu, ta ce in gaya miki safar ulun da kika aiko ta yi mata yawa amma ba za ta ba kowa ba. In Vinko ya zo cin abincin Lahadi, ki ce masa matarsa tana gaishe shi.

Akwai abin da zan faɗa miki, kuma wannan tsakaninmu ne. A littattafaina, ranar da rayuwar mace za ta juya takan zo da tsawa, ko da baƙo a bakin ƙofa. Tawa ta zo ranar Juma'a, ashirin da huɗu ga watan jiya, ina sanye da tsohuwar kwat ɗin Vinko, da gutsuren burodi a aljihu.

Kin san yadda muka shirya tun da Vinko ya tafi Jamus. Mahaifinsa, Baba Lovro, shi ke riƙe masa da aikin gadin namun daji har ya dawo, kuma saboda aikin ne ofishin gandun daji ya bar mu a gidan nan. Abin da ofis bai sani ba shi ne yanar ido ta kama tsohon. Yana ganin abu na motsi, amma daga nesa ba ya bambanta saniya da tarin ciyawa. Don haka ni ce idonsa. Shi yakan zauna a ƙasa da bindiga, bayan wani shingen rassa, don gwiwoyinsa ba sa hawa tsani. Ni kuma in hau ceka, rumfar katakon nan ta maharba da Vinko ya kafa a bakin Dogon Fili, mai matakala goma sha tara, inda ake hango filin duka har da hanyar masu jan katako. Baba ya rataya mini usur a wuya. In na ga mutum ko dabbar gida, in busa. In na yi shiru, duk abin da ya motsa naman daji ne.

Yaya, kin taɓa zaman awa huɗu a cikin akwati a sama, ba magana, ba tari, ba miƙa ƙafa? Vinko da kansa ya koya mini dabarar. Ya ce duk maharbin da ya rantse bai taɓa karatu a ceka ba, to barci yake yi a can. Shafi ɗaya, ki ɗaga kai, shafi ɗaya, ki ɗaga kai. Kuma ki juya takarda a hankali, don barewa tana jin ƙararta. Haka nake yi tun watan Mayu, ban taɓa kuskure ba.

A ranar, wani tsohon namijin barewa mai ɗingishi muke jira, wanda ofis ya ce a kashe. Lokacin barbararsu ne, dajin duka ruri yake yi. Ina da sabon ɗan littafi daga shagon jaridu na garin Delnice, labarin wata malamar kiɗa da kyaftin ɗin jirgin ruwa. Saura mini shafi uku. Malamar tana tsaye a tashar jirgi, fasinjoji na sauka, ba ta san ko yana cikinsu ba. Haske na ƙarewa, na kai littafin dab da hancina. Can ta saman takardar, a wutsiyar idona, wani abu mai launin ƙasa ya fito daga cikin itatuwa. Na gan shi, Yaya. Na ce a raina, bari in kai ƙarshen layin nan.

Sai na ji harbi.

Dajin ya yi tsit, har masu rurin suka yi shiru. Da na ɗaga kai ba komai sai doguwar ciyawa da hazo yana tasowa daga gefen filin. Baba Lovro ya fito yana dogara bindiga, ya nufi can, ya daɗe a durƙushe. Sannan ya ɗaga murya.

"Na kuskure, 'yata. Sauko ki je gida ki ɗora tukunya."

"In zo in taya ku duba jini, Baba?"

"Na ce ki je gida."

Sai da tuwon masara ya huce ya sandare kafin ya shigo. Kin san al'adarsu: in maharbi ya kashe nama, yakan karya reshen fir, itacen nan mai ganye kamar allura, ya soka a hula ta dama. Baba ya shigo da reshe a hularsa, amma ta hagu, an juyo bayan ganyen waje. Sau ɗaya na taɓa ganin haka, ranar da maharba suka binne tsohon shugabansu. Ya wanke hannu, ya goge, ya sake wankewa. Ya zauna bai dube ni ba.

"Ba ki busa ba," in ji shi.

"Ban ga komai ba, Baba."

"To. Ni ma haka."

Ranar Litinin aka ce wani Stipan, ɗan Bosniya cikin masu jan katako da dawakai, bai koma sansaninsu ba tun Juma'a. Ya fita neman goɗiyarsa da ta tsinke. Goɗiyar ta dawo, shi bai dawo ba. Na san shi, yakan sayi ƙwai a wurina, yakan ce, "Uwar gida, kajinki sun fi yaran Fada na coci tarbiyya." Kwat ɗinsa mai launin ƙasa ce.

Na baro littafin a ceka, a buɗe na yar da shi ƙasa da na ji harbin. Jiya na koma. Na same shi a rufe a kan benci, da ɗanyen reshen fir a cikinsa, daidai shafin da na tsaya. Baba Lovro ya shekara shida bai hau tsanin nan ba.

Ki gaya mini abin da zan yi.

Ƙanwarki,
Nevenka

Stuttgart, 13 ga Oktoba

Sarauniyar mafarki,

Na gode da gaisuwa, muna lafiya, bayana kuwa yana nan yana mini waƙa duk safiya. Ki ce wa Inna ta ninke safar, ta daina surutu. Mijinki yana lafiya, ya yi ƙiba, dankalin Jamus ya karɓe shi.

Kai, Nevenka! Wannan ya fi duk waɗanda kika taɓa aiko mini. A tiram, jirgin ƙasan cikin gari, na karanta, har na wuce tashata. Da na ga "wannan tsakaninmu ne" na ce to, an fara. Tun kina shekara tara duk labarinki da haka yake farawa. Kin manta da 'yar attajirin da kika ce an gine ta da rai a bangon injin niƙa, har muka yi mako ba ma bin hanyar? Amma wannan karon kin iya, har da surukinki kika sa a ciki, tsohon da ko kaza ba ya yankawa sai ya ba ta haƙuri.

In ma akwai ƙwayar gaskiya a ciki, saurara. Duk kaka samarin Bosniya suna ɓacewa daga sansanin katako, bayan wata biyu a gan su a kasuwar Trieste ta Italiya suna sayar da wanduna. Tsohon da ba ya bambanta saniya da ciyawa, ta ina zai bambanta dama da hagu a hula? Reshen kuwa, ke kika sa shi kika manta. Na san ki, kin taɓa sa cokali a littafi kika yi kwana biyu kina nema.

Ranar Lahadi mutanenmu za su taru a ɗakina, na jiƙa wake, na samo kabeji mai tsami. Zan karanta musu. Bari Vinko ya ji irin matar da ya bari a daji, ko ya yi sauri ya dawo kafin ki kashe rabin ƙauyen a takarda.

Af, kyaftin ɗin ya sauko daga jirgin ko bai sauko ba? Kada ki bar ni a rataye.

Yayarki,
Zlata

Jelov Dol, 22 ga Oktoba

Yaya Zlata,

Ina gaishe ki. Muna lafiya, sanyi ya fara, an haƙe dankali. Takardarki ta yi kwana tara a hanya, yau ta iso, Lahadin da kika ambata ta riga ta wuce. Da na karanta sai da na zauna a kan itacen murhu. In Allah ya sa wani abu ya hana ki, don girmansa kada ki karanta wa kowa. Ba labari ba ne. Na san ni na jawo, na cika ki da ƙarya mai daɗi tun muna yara, yanzu ga gaskiya ta zo ba ta da rigar da za ta sa ki gane ta.

Ban san ko kyaftin ya sauko ba. Ban iya buɗe shafin ba.

Har yanzu muna zuwa Dogon Fili duk yamma, Baba ya ce in muka daina ofis zai tambayi dalili. Amma na ga harsasansa a aljihun tebur, ba ya ɗaukarsu. Haka muke zama, shi a ƙasa da bindigar da ba komai a ciki, ni a sama da littafin da ba na buɗewa. Na jefar da reshen ranar farko. Washegari ga wani. Na kawo littafin gida na sa ƙarƙashin matashi, na tafi da wani daban na bari a can. Da na koma, shi ma da reshe a ciki, saura shafi uku ya ƙare. Kullum ɗanye, ƙaronsa na manne mini a yatsa, kuma da hannu aka karya shi, ba da wuƙa ba, yadda maharba ke yi.

Sai goɗiyar. Ta ƙi jan katako tun daga ranar, ko an dake ta. Da 'yan sansanin za su tashi suka rasa mai saye, suka sake ta. Duk yamma in haske ya fara ja sai ta fito filin, wata ja mai farin goshi, ta tsaya a wuri ɗaya ba ta cin ciyawa. Daga nan ta juya ta nufi arewa, wajen duwatsu. In ta kai bakin itatuwa sai ta tsaya, ta waiwayo. Ba Baba take kallo ba, Yaya. Sama take ɗaga kai, wajena. Wane doki ne yake duban sama?

Ranar Laraba yayar Stipan ta zo. Sunanta Manda, ta yi kwana biyu a jirgin ƙasa da bas, da baƙin ɗankwali da hotonsa a cikin hankici. An ce mata mai gadin daji ne ya san kowane lungu, sai ta zo gidanmu. Na ba ta kofi. Baba Lovro da kansa ya matso mata da sukari.

"Samari ne, baiwar Allah," in ji shi. "Yana can Trieste yana cin duniya, ke kina nan kina kashe takalmi."

"Takalmi kuwa, Baba," in ji ta. "Na Lahadinsa ya bar su a sansani, ya cusa musu jarida don kada su lanƙwashe. Wa ke tafiya Italiya ya bar takalman Lahadi? Kuma ku ba ku san shi ba. Yaron nan in zai je bayan gida sai ya sallami goɗiyarsa."

Ta yi dariya, sannan ta rufe baki da hankicin. Ta ce tsohuwarsu tana ajiye masa kwanon miya a kan murhu duk dare, da safe a ba kare. Ta ce ita ba ta neman mai laifi, in ya mutu a ba ta shi ta kai shi gida kafin ranar kunna kyandir a kaburbura, su san inda za su kunna nasa. Ba ta iya rubutu ba, ta faɗa mini sunan ƙauyensu na rubuta. Da za ta tafi ta riƙe hannuna ta ce, "Ke mai zama a sama ce, aka ce mini. In kin ga wani abu, 'yar'uwa."

Na ce to. Baba yana tsaye a bayana, ina jin numfashinsa.

Ki rubuto da wuri.

Nevenka

Stuttgart, 2 ga Nuwamba

Ƙanwata,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Lafiyata ƙalau, sai dai kunya. Na karanta musu, Nevenka. Tun kafin takardarki ta biyu ta iso.

Mu takwas ne a ɗakin. Na tashi tsaye da ludayi a hannu ina kwaikwayon muryarki. An yi dariya a wajen kajin da yaran Fada, Vinko ya fi kowa, yana cewa "Matata ke nan!" Da na kai wajen hular sai ya ajiye cokali. Ya ce, "Wane gefe ta ce?" Na ce hagu. Ya ce, "Bayan ganyen a waje?" Na ce haka ta rubuta. Ya miƙo hannu ya karɓe takardar, ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce wa mutane matarsa ta cika karance-karance, a ci abinci. Sauran sun ɗauka kishin labarin yake yi, sun manta. Da kowa ya watse ya tsaya yana goge mini kwanoni, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce ubansa ko a makance, ko a buge, ba zai soka reshe ta hagu bisa kuskure ba.

Na ce ya rubuto miki da kansa. Ya ce ba zai sa wannan magana a takarda da hannunsa ba. Ga saƙonsa yadda ya faɗa, ban ƙara ban rage ba. Kada ki sake hawa cekar. Ki cusa littattafan duka a murhu. Ya ce mutumin ya riga ya tafi, magana ba za ta tashe shi ba, amma za ta kai tsoho ɗan shekara saba'in da uku kurkuku ya mutu a can, ta ƙwace aikin, ta ƙwace gidan. Ya ce ki tuna ke za a fara tambaya me ya hana ki busawa. Ya ce in kika buɗe baki, shi bai san yadda zai sake zama ɗaki ɗaya da ke ba. Da ya faɗi wannan sai ya yi kuka, in ba ki labari.

Amma ga abin da ya yi. Ya je wurin shugabarmu, an ba ki gurbi a ɗakin wanki daga farkon Janairu. Zai zo Kirsimeti ya taho da ke. Nevenka, birnin nan da kike ta tambayata fitilunsa tun kina budurwa. Akwai ɗakin karatu a bayan layinmu, hawa uku, littattafai har rufi, kyauta ake ara. A nan ba doki, ba reshe, ba tsani.

Ni ban san me zan ce miki ba. Matar nan Manda ta hana ni barci. Amma ke ce tawa, ba ita ba. Ki yi shiru na mako bakwai kawai.

Zlata

Stuttgart, 19 ga Nuwamba

Nevenka,

Gaisuwa. Kwana goma sha bakwai ba layi ɗaya. Na ji a rediyo dusar ƙanƙara ta rufe hanyoyin dutse, ina ta gaya wa kaina ita ce dalili. Vinko ya zo sau uku yana tambaya, ya rame, ya ce shirunki alama ce kin ji maganarsa. Ni na san shirunki, ba na jin haka ne. In fushi kike da ni kina da gaskiya, ki zage ni a takarda, na yarda. Ki dai rubuto, ko sunanki kaɗai.

Yayarki

Jelov Dol, 28 ga Nuwamba

Yaya Zlata,

Ina gaishe ki da kyau. Ba na fushi da ke. Inna tana lafiya, na kai mata itace kafin hanya ta rufe. Takardunki biyu jiya suka iso tare, a kan amalanken mai kai wasiƙu da ake ja bisa ƙanƙara, bayan mako uku ba mai shiga ba mai fita. Saƙon Vinko ya zo a makare. Ya ce kada in sake hawa ceka, ni kuwa tun ranar biyar ga wata na sauko daga kanta na bi goɗiyar.

Ranar Baba yana kwance da mura, na tafi ni kaɗai da rana tsaka. Ba lokacinta ba ne, amma tana can tsaye kamar an yi mana alkawari. Ta wuce gaba, na bi ta. Ba ta sauri, in na tsaya ta tsaya. Mun yi kamar rabin awa cikin duwatsu har muka kai Kogon Ƙanƙara, inda a dā ake saro ƙanƙarar biki ko a tsakiyar zafi. Ta tsaya a bakinsa. Iska mai sanyi tana fitowa daga ciki kamar wani yana numfashi a hankali.

Ba nisa yake ba, taku goma daga baki. Sanyin ya riƙe shi, kamar jiya ya kwanta. An shimfiɗa masa rassa, an kwantar da shi a gefensa na dama, yadda suke kwantar da barewa in sun kashe. An rufe raunin da reshe. An maɓalle masa kwat har wuya, an ajiye hularsa a gefe. Kuma a bakinsa, Yaya, tsakanin haƙora, akwai ɗan reshen fir. Lomar ƙarshe, wadda suke sa wa naman daji don neman gafararsa.

A littattafaina mace takan suma a irin wannan wuri. Ni tsayawa na yi ina kallonsa, na ji kaina ina cewa, "Sannu, Stipan."

Na koma gida na tarar da Baba zaune a bakin gado, ya lulluɓa da bargo. Ya shinshina iska.

"Kina warin kogo," in ji shi.

"Kun sa masa reshe a baki, Baba. Mutum ne fa."

"Na sani mutum ne. Na fi ki sani, ni na ɗora shi a bayan goɗiyarsa." Ya daɗe yana murza gwiwa. "Shekara hamsin ban taɓa barin abin da na harba ba lomar ƙarshe ba. Hannuna ne ya karya reshen, kaina bai ma iso wurin ba. Da na ga abin da na yi na so in cire. Sai na ce, me kuma nake da shi da zan ba shi? Addu'ar Fada ban iya ba. Wannan kaɗai na iya."

"Na littafina fa? Ku ne kuke sawa don in yi shiru?"

"Wane littafi?" Ya juyo da fararen idanun nan wajena. "Da karatu kike yi?"

Bai sani ba, Yaya. Duk makonnin nan ya ɗauka hazo ne ya rufe mini, yana tausayina. Na gaya masa komai, malamar kiɗa da kyaftin da layin da na so in ƙarasa. Na gaya masa rassan. Ya yi alamar gicciye. Can sai ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Makaho a ƙasa, mai soyayya a sama. Ofis ya yi dacen ma'aikata."

Sannan ya kama hannuna ya roƙe ni. Ya ce in jira shi ya mutu, ba zai daɗe ba, ƙirjinsa ya gaya masa ba zai ga narkewar ƙanƙara ba. In ya tafi in ɗora masa duka, in ce shi kaɗai ya je, ba usur, ba ceka, ba ni. Vinko ya riƙe aikinsa, ni in riƙe mijina. Ya ce, "Wata huɗu, 'yata. Yaron ba ya jin sanyi."

A daren dusar ƙanƙara ta fara, ta kulle mu tare mako uku, ni da shi da maganar. Na shafa masa man zafi, na dafa masa miya, ya koya mini karta. Ina son tsohon nan, kin sani. Goɗiyar ta zo da kanta ta tsaya a ƙofar rumbun ciyawa, na buɗe mata. Ba ta ƙara kallona yadda take yi ba, tana cin abincinta kamar kowace dabba. Kuma tun daga ranar ban sake ganin reshe a littafi ba. Shi ne ya fi ba ni tsoro. Kamar mai sawa ya ga ya gama nasa, saura nawa.

Na karanta maganar ɗakin karatun nan mai hawa uku sau da yawa daren jiya. Na ga kaina a ciki, da kwat mai kyau, ina zaɓa. Sai na ga na kai saura shafi uku, a kowane littafi, har ƙarshen raina. Tayin Baba ma na juya shi ta kowane gefe. Yana da sauƙi, sai dai labari ne, kuma ni zan tsara shi, in cire kaina daga ciki in bar matacce da laifina. Na iya irin wannan, ke shaida ce. Ba na so in ƙara.

Ranar kyandir ta wuce, mutanen Stipan ba su san inda za su kunna nasa ba. Ba zan bar su har Kirsimeti ba.

Na gaya wa Baba shawarar da na yanke da safen nan. Bai yi faɗa ba. Ya ce in goge masa baƙar kwat ɗinsa in rataye a kusa, kada 'yan sanda su zo su same shi kamar mabaraci. Ki gaya wa Vinko na ji saƙonsa duka, har da na ƙarshen, kuma ban riƙe shi da komai ba. Ki ba shugabarku haƙuri, ta ba wata gurbin.

An share hanya. Gobe Litinin zan shiga bas na ƙarfe bakwai zuwa Delnice, in je wurin 'yan sanda in faɗa musu inda yake, da wanda ya harba, da abin da nake yi lokacin da ya kamata in busa.

Ƙanwarki,
Nevenka